Naruto: Ashe Neji Ne Mai Gaskiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau a kan Naruto za mu tsaya, kuma na san wasunku ba za su ji daɗin abin da zan faɗa ba. Na ƙaunaci wannan shiri ƙwarai. Da yawanmu a memori aka tura mana shi, muna kallo a ƙaramar waya kai a haɗe. Kwanan baya na sake binsa tun daga farko, na tashi da ɓacin rai, domin shirin ya ɗaukar wa masu kallonsa alkawari, sannan ya karya shi da hannunsa.

Masashi Kishimoto ne ya zana labarin a mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan, daga 1999 zuwa 2014, babi 700. Kamfanin Pierrot ya mayar da shi zane mai motsi: zangon farko kashi 220 daga 2002 zuwa 2007, sai Shippuden kashi 500 har zuwa 2017. Kowa ya san ƙorafin ciko, wato labaran da babu su a littafin asali, aka cusa don kada shirin ya cim ma mai zane. Daga kashi na 136 zuwa ƙarshen zangon farko kusan duk ciko ne. Wannan ba zan ja shi ba, mutum na iya tsallakewa. Abin da ke damuna yana cikin ƙashin bayan labarin.

Ku dubi wannan faɗan na jarrabawar Chunin, wato ta ƙarin matsayi ga ƙananan ninja, tsakanin Naruto da Neji Hyuga. Neji ya kwance ƙyallen goshinsa, ya nuna tambarin da aka yi masa tun yana ƙaramin yaro. Mahaifinsa Hizashi tagwaye ne da Hiashi shugaban gidan, amma da yake shi ya fito na biyu, zuriyarsa ta zama ta masu hidima, kuma da tambarin nan ake iya azabtar da su. Har ransa Hizashi ya bayar a madadin ɗan'uwansa. Shi ya sa Neji ya yi imani cewa matsayin mutum an yanke shi tun ranar haihuwa, ciki har da wanda zai zama Hokage, wato shugaban garinsu Konoha. Naruto, wanda ya faɗi jarrabawar makaranta sau uku, ya ƙi yarda. Ya bar kwafin jikinsa kwance a rami, shi kuwa ya haƙa ƙasa har farcensa na jini, ya ɓullo ta ƙarƙashin Neji ya naushe shi a haɓa. Duk yaron da aka taɓa ce wa ba zai zama komai ba ya ji wannan naushin a ƙirjinsa.

Haka ma Rock Lee, wanda ba ya iya ninjutsu ko genjutsu, wato dabarun siddabarun ninja, sai naci da atisaye. Ranar da ya kwance nauyin da ke ɗaure a ƙafafunsa a gaban abokin karawarsa Gaara, ya sake su suka fasa daɓen filin, har yau tsikar jikina tana tashi.

To me ya biyo baya? Sannu a hankali aka fara bayyana mana ko wane ne Naruto. Mahaifinsa Minato Namikaze ne, Hokage na huɗu. Mahaifiyarsa Kushina 'yar gidan Uzumaki ce, dangin Senju da suka kafa Konoha, masu chakra (ƙarfin da ninja ke aiki da shi) mai yawa ta gado. An rufe Kurama, dila mai wutsiya tara, a cikinsa ranar da aka haife shi. Malaminsa Jiraiya ya ɗauke shi a matsayin yaron da aka yi hasashen zai sauya duniya. Kamar wannan bai isa ba, a ƙarshen yaƙin duniyar ninja na huɗu Hagoromo, wanda hanyar ninja ta samo asali daga gare shi, ya bayyana ya ce ruhin ɗansa Asura ne ya dawo a jikin Naruto, na ɗaya ɗan nasa Indra kuma a jikin Sasuke, abokin hamayyar Naruto, sannan ya raba musu ƙarfi. Tamkar a ba ka tatsuniyar ɗan talaka da ya yi sarauta da guminsa, sai dab da ƙurunƙus a ce ai dama ɗan sarki ne da aka tsinta.

Ku ƙirga masu kujerar ma. Hokage na ɗaya da na biyu wa da ƙane ne. Na uku ɗalibinsu. Na huɗu ɗalibin Jiraiya, wanda shi kuma ɗalibin na uku ne. Ta biyar, Tsunade, jikar na ɗaya. Na shida, Kakashi malamin Naruto, ɗalibin na huɗu. Na bakwai, Naruto, ɗan na huɗu. Ina hanyar da Lee zai bi ya shiga wannan layi?

Na san amsar masoya: ai Naruto ya sha wuya, ya fasa balan-balan ɗin ruwa da ƙwallon roba kafin ya iya dabarar faɗan nan ta Rasengan, ya je Dutsen Myoboku ya koyi zaman shiru a wurin kwaɗi. Gaskiya ne, ba malalaci ba ne. Amma ku tuna yadda ya ƙirƙiri sabuwar dabararsa ta Rasenshuriken: ya fitar da kwafin kansa masu ɗimbin yawa suna atisaye lokaci guda, kuma Kakashi da bakinsa ya ce shi ba zai iya haka ba, don ba shi da chakrar Naruto. Ko a faɗansa da Neji, bayan an toshe masa hanyoyin chakra, ƙarfin Kurama ya ara ya miƙe. Wasu kuma na cewa jigon labarin kaɗaici ne da neman karɓuwa a wurin mutane. Na yarda akwai wannan, kuma an yi shi da kyau a labarin Gaara. Sai dai ba mu muka ƙirƙiri gardamar ƙaddara da ƙoƙari ba, shirin ne ya kafa ta a tsakiyar fili, sannan ya ba Neji rashin gaskiya a gaban kowa.

Neji kuwa ya mutu ne a yaƙin duniyar ninja na huɗu, ya tare itatuwa masu tsini da jikinsa don kare Hinata 'yar Hiashi da Naruto. Tambarin goshinsa ya goge bayan ya cika. Shirin yana so mu ɗauka ya sami 'yanci tunda shi ya zaɓa. Ni abin da idona ya gani shi ne ɗan gidan hidima ya mutu a madadin 'yar babban gida, yadda mahaifinsa ya mutu. Alkawarin da Naruto ya yi na gyara gidan Hyuga kuwa, ba a tsaya an nuna mana cikarsa ba. Might Guy, malamin Lee, ma ya buɗe ƙofa ta takwas, wato matakin ƙarshe na ƙarfin jiki da ke kashe mai buɗe shi, ya zuba atisayen rayuwarsa kaf a kan Madara, babban mugun yaƙin, bai kashe shi ba. Ƙarfin da Hagoromo ya ba Naruto ne ya ceci ran Guy, amma ya ƙare a keken guragu.

Kaguya ba sai na ɓata lokacinku ba: an daɗe ana gina Madara, sai yaronsa Black Zetsu ya soke shi ta baya, aka kawo Kaguya, wata mace daga wata duniya wadda ba mu da wani tarihi da ita. Dattawan Konoha biyu, Homura da Koharu, da suke zaune lokacin da ake shirya halaka gidan Uchiha, dangin Sasuke, babu wanda ya tuhume su.

Idan ƙanenka ya ce ka tura masa Naruto, tura masa kashi na 1 zuwa na 135, daga Zabuza da Haku a kan gada har zuwa faɗan Naruto da Sasuke a bakin ruwa. Idan ya nace sai Shippuden, ya tsaya a inda aka gama da mugun nan Pain.