Ƙashi a Kan Takarda: Yadda Ake Mayar da Hoton Asibiti Shuɗi

Lacca ga matasa masu ɗaukar hoto a Agege, Legas, an rubuto daga faifan murya.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, a ƙarshen 1895 Wilhelm Röntgen, Bajamushe, ya ɗauki hoton hannun matarsa da hasken eksire: ƙasusuwan yatsu, ga zobenta. Tun daga nan masu fasaha suka sa ido a kan hoton ƙashi. Amma kashedi tukuna, ba a sa mai rai gaban na'urar eksire don ƙawa. Haskenta yana da illa. Tsohon fim za ku nema, naku ko na wanda ya yarje muku, kuma ku yanke gefen da sunansa da lambar asibiti suke.

Dabarar ita ce sayanotaif, wato buga hoto mai launin shuɗi da hasken rana, wadda John Herschel ya ƙirƙiro a 1842. Shuɗinta kamar na rinin Ƙofar Mata. A narkar da giram 25 na ferik amoniyam sitret a ruwa mililita 100, giram 10 na fotasiyam ferisayanaid a wani ruwan mililita 100. A haɗa su daidai wa daida, amma sai lokacin aiki. A shafa wa takarda mai kauri, ta bushe a duhu, a ɗora fim, a danne da gilashi, a kai rana, daga baya a wanke takardar da ruwa. Fara da minti 15, don fim ɗin eksire yana da duhu.

To, ga inda mutane ke ruɗewa. A fim, wurin ƙashi ne haske ke ratsawa, saboda haka a takarda ƙashin zai fito shuɗi, kewayensa fari. Mai son farin ƙashi a kan shuɗi sai ya juya hoton a kwamfuta, ya buga a leda mai ratsa haske. A ganina na farkon ya fi kyau. Haƙarƙari kamar ganyen dabino.

Matsalar Legas laima ce. Da damina takarda ba ta bushewa sosai, kuma danshin yana iya ɓata fim ɗin, ya bar tabo. A kunna mata fanka. Idan shuɗin ya wanke cikin ruwa, bai sha rana ba, a ƙara minti biyar. Idan kuma ya koɗe daga baya, a duba takardar ko ruwan burtsatse, don duk abin da ke da alli yana cin wannan launi. Ɗan ruwan tsami a wankin farko yana taimakawa, sannan a ɗauraye har launin rawaya na sinadarin ya fita.