Tokelau: Tsibiran Da Jirgin Sama Bai Sauka

Ku dubi taswirar duniya da kyau. Shuɗin da ya fi faɗi a kanta Tekun Pasifik ne. A cikinsa akwai wasu ɗigo uku da ƙyar ido yake kama su, su ne tsibiran Tokelau: Atafu, da Nukunonu, da Fakaofo. Idan aka haɗa busasshiyar ƙasarsu gaba ɗaya, kusan murabba'in kilomita 10 ce, mutanen da ke kanta kuma kimanin 1,500. Yanki ne da ke ƙarƙashin Niyu Zilan, amma dattawan kowane gari ne ke tafiyar da harkokinsa, shugabancin ƙasar kuma yana zagayawa tsakanin tsibiran uku, shekara ɗaiɗai.

Kowannensu kamar zobe yake. Dutsen murjani ne ya yi da'ira, tafki a tsakiya, ƙananan tsibirai masu itatuwan kwakwa a jere a kan bakin zoben. Wuri mafi tudu bai wuce mita 5 daga saman teku ba. Shi ya sa da guguwar Percy ta zo a 2005, ruwan teku ya ratsa cikin gidaje, babu tudun da za a gudu a hau. Kogi ma babu. Ruwan sama ake tarewa daga rufin kwano zuwa tankuna, kuma da fari ya tsananta a 2011 sai da aka kawo musu ruwan sha ta jirgin ruwa.

To, yaya ake zuwa? Filin jirgin sama babu, tashar jirgin ruwa babu. Sai ka fara isa Apia, babban birnin Samowa, mai nisan kusan kilomita 500, ka jira jirgin ruwan da ake kira Mataliki, wanda ya fara aiki a 2016. Kusan duk bayan mako biyu yake tashi, tafiyar kuma takan ci yini da kwana, wani lokaci fiye, gwargwadon halin teku.

Ko ya iso ma, ba ya matsowa gaɓa. Can waje yake tsayawa, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana saukewa. Ƙananan kwale-kwale masu inji ne ke fitowa ta wata siririyar kafa da aka fasa a jikin dutsen murjani. Matuƙi sai ya dakata yana ƙirga igiyoyin, ya ga sarari, sannan ya taka. Ta nan buhun shinkafa yake shiga, da siminti, da magani. Ta nan tsohuwa take sauka, samari sun riƙe ta hannu bibbiyu. Mai juna biyun da haihuwa ta zo mata da gardama ma ta nan za a fita da ita, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai.

Mutanen da ke rayuwa haka ba sa barin kowa da yunwa. Suna da wata al'ada, inati. Maza su fita su kamo kifi tare, a zube shi a dandali, a kasa shi gida-gida bisa yawan bakunan da ke ciki. Gwauruwar da ba ta da mai fita mata kamun kifi, kasonta yana nan, yara ne za su kai mata har ƙofa.

Tun 2012 mafi yawan wutar lantarkinsu daga hasken rana take, abin da ya rage musu dakon gangunan man dizal ta wannan kafar.

Dogaronsu da Samowa ya kai har ga kalanda. Da Samowa ta sauya lissafin kwananta a ƙarshen 2011, Tokelau ta bi ta, don jirginsu da babban ofishinsu duk a Apia suke. Mutane suka kwanta ranar Alhamis 29 ga Disamba, suka wayi gari Asabar 31 ga wata.