Me ya sa maƙaryacin ɗan siyasa ke so ka zauna a gida?

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin 100 na 'yan Najeriya masu rajista sun fito sun kaɗa ƙuri'a. A 2023 kuwa, masu rajista sun haura miliyan 93, amma waɗanda suka fito ba su cika kashi 27 ba. A Tunisiya, zaɓen majalisa na Disambar 2022 ya tashi da kashi 11 kacal.

In ka tambayi wanda ya ƙi fita, zai ce maka, "Ai duk kanwar ja ce." An yi masa alkawari an saɓa, an dawo an rantse an sake saɓawa, har ya fid da rai. Ni dai ban ga laifin gajiyarsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma sai ya gudu.

To amma mu yi lissafi. A ce mazaɓa ce mai mutum 100,000, 'yan takara biyu. In mutum 80,000 suka fito, sai mai nema ya haura ƙuri'a 40,000, wanda ba ƙaramin aljihu ne zai iya sayensu ba. Dole ya yi wa jama'a bayani, dole ya nuna aiki. In 20,000 kaɗai suka fito fa? 10,001 ta wadatar da shi. Wannan kuwa da kuɗi, da 'yan kanzagi, da 'yar barazana, an haɗa ta. Duk wanda ya yi fushi ya zauna a gida, ragi ya yi masa. Shi ya sa fid da ranka ya fi masa amfani a kan yardarka.

Inda mutane ke komawa rumfar zaɓe da fushinsu, saɓa alkawari na da tsada. George Bush babba ya yi wa Amurkawa alkawari a 1988 cewa babu sabon haraji. A 1990 ya sa hannu kan ƙarin haraji, abokan hamayya suka yi ta yi masa gori da kalamansa, ga matsin tattalin arziki, ya sha kaye a 1992.

A Birtaniya ma, 'yan jam'iyyar Liberal Democrat sun sa hannu a 2010 cewa ba za su goyi bayan ƙarin kuɗin jami'a ba. Suna shiga gwamnatin haɗaka, aka ɗaga kuɗin zuwa fam 9,000 a shekara. Masu zaɓe ba su manta ba. A 2015, kujerunsu 57 na majalisa suka koma 8.