Zama ɗan ƙasa: tun ranar da ka sauka ake fara lissafi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata. Mutum kan zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ko ta gado daga iyaye, ko kuma ya je a matsayin baƙo ya zauna har ƙasar ta karɓe shi. Wannan ta ukun ce za mu tattauna a yau.

Da yawa suna zaton aikin yana farawa ne ranar cike fom. Ina! Ranar cike fom ranar hisabi ce, abin da ka aikata shekarun baya shi za a baje a gabanka.

Mu fara da kwanaki, don nan ne aka fi zamewa. A Amurka sai ka riƙe katin zama na dindindin shekara 5, ko 3 idan kana auren ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa. Amma riƙe katin kaɗai bai wadatar ba. Cikin waɗannan shekaru 5 dole ne ka kasance cikin ƙasar da jikinka na aƙalla wata 30, kuma tafiya guda da ta haura wata 6 tana iya sa a ce zamanka ya yanke. Birtaniya ma ƙirga take yi: kada kwanakinka a waje su wuce 450 a shekara 5, kada su wuce 90 a shekarar ƙarshe. Ku dubi wanda mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya koma jinya, wata ya bi wata. Ya yi abin da ya kamata ɗa ya yi, amma jami'in da ke juya shafukan fasfonsa hatimin shiga da na fita yake gani. Wannan yana taɓa ni ƙwarai, shi ya sa nake roƙonku ku riƙa rubuta ranar kowace fita da kowace dawowa.

Tsawon jiran ya bambanta. Siwizalan shekara 10 take nema. Jamus ta rage nata daga 8 zuwa 5 a 2024.

Jarrabawar harshe da ta sanin ƙasa kuwa ba abin tsoro ba ne ga wanda ya yi karatu. Ta sanin ƙasa a Birtaniya tambaya 24 ce, ka ci 18 ka haye.

Abin da na fi jiye muku shi ne ƙarya. Za a tambaye ka haraji, da aure, da ko an taɓa kama ka. Wani zai ba ka shawara ka ɓoye, wai wa zai sani? Kada ka saurare shi. Ɗan ƙasar da ya samu takardarsa ta hanyar yaudara ana iya ƙwace ta ko bayan shekaru. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2017 cewa ba kowace ƙarya ce ke jawo haka ba, sai wadda ta yi tasiri wajen ba ka takardar. To, kai ne za ka yanke wacce ce ta yi tasiri? Alƙali ne.

Sannan kafin ka ɗaga hannu ka yi rantsuwar biyayya, bincika makomar fasfonka na asali. Jamus yanzu ta yarda ka riƙe biyu. Japan tana so ka saki naka. Ɗan Indiya kuwa, da zarar ya karɓi na wata ƙasa, na Indiyar ya faɗi.