Abin Da Ke Sauya Halin Ɗalibi Lokacin Jarrabawa

Ƙarfe biyu na dare a ɗakin kwanan ɗalibai, a Gumel ne ko a Bichi. An ɗauke wuta, fitilar waya ce ke haska takarda, kofin Nescafé na uku ya huce a gefen katifa. Ɗalibai na kiran wannan TDB, wato karatu har asuba.

Mu leƙa cikin jikin wannan ɗalibi. Ƙwaƙwalwa ba ta bambanta kare mai cizo da tsoron kariyoba, wato faɗuwa a darasi har sai an maimaita shi. Da ta hango barazana sai ta aika saƙo ga wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Bugun zuciya ya ƙaru, sukari ya hau a jini, narkewar abinci ta ja baya. In na ɗan lokaci ne, taimako ne. Ɓarnar tana zuwa ne idan abin ya ɗauki makonni: kuɗin rajista bai cika ba, garin da aka taho da shi daga ƙauye ya ƙare, ga Baba na waya gona na neman hannu.

Daga nan hali ke juyawa. Mai fara'a ya koma masifaffe, a matsar da bokitinsa a bakin famfo ya tayar da jijiyar wuya. Wata ta daina zuwa lakca, ta yini a ƙudundune. A gida kuma a ce boko ya sa su girman kai.

Kwanan zaune shi ya fi cuta, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Ku nemi awa 7 aƙalla. Rabin sinadarin kofi yana nan a jini bayan kusan awa 5, don haka daga la'asar a ajiye kofi da goro. Tiramol kuwa, ban da kama jiki, yana iya jawo farfaɗiya.

Ku yi karatu minti 45, ku miƙe ku taka na minti 10. In gaba ya faɗi a zauren jarrabawa, a ja numfashi ana ƙirga 4, a sake shi a hankali ana ƙirga 6, kamar sau goma.

Idan ƙunci, rashin barci ko rashin cin abinci suka kai mako biyu, a je asibitin makaranta. Wanda ya fara zancen gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi asibiti a ranar.