Lacca: Baƙi, Wankakke ko Gogagge, Wane Sandan Tangistin Za Ka Saya?

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu masu gidajen walda, da ku samari da kuka maƙale a bakin ƙofa, ku matso gaba, kujerun nan ba na haya ba ne. An ce in yi magana a kan sayen sandunan tangistin, wato wannan ƙarfen da kuke sa wa a bakin tocin waldar agon, waldar nan da ake yi da iskar agon, da kuma manyansa da wasunku suka fara yin oda daga Chaina don aikin tanderu ko injin sassaƙar ƙarfe. Abubuwa 4 na zo da su: yadda ake yin sandan, fatarsa, zafin da aka gasa shi da shi, sai abin da aka gauraya masa. In lokaci ya bari za mu taɓa su duka.

To, na farko. Tangistin ba a narka shi a zuba a kwami kamar yadda masu tukwanen alminiyam suke yi. Sai zafi ya kai digiri 3422 kafin ya narke, babu wani ƙarfe tsantsa da ya kai shi. A wace tukunya za ka narka shi? Tukunyar ce za ta riga shi tafiya. Saboda haka gari ake yi. Ana haƙo dutsensa, irin wanda ake samu tare da kuza a tsaunukan Jos da Riruwai, ko da yake wajen kashi 80 cikin 100 na abin da duniya take haƙowa daga Chaina yake fitowa. A tace shi ya zama gari mai launin toka, a danne garin da matsi mai tsanani ya zama sanda, a gasa shi a cikin iskar haidirojin da zafin da ya haura digiri 2000 har ƙwayoyin garin su manne da juna. Sandan da ya tsaya a nan, gasasshe kawai, ana sayar da shi, kuma ya fi araha. Amma akwai 'yan ƙananan ramuka a cikinsa da ido ba ya gani, nauyinsa bai cika ba, kuma in ya faɗi a siminti sai ka tsince shi gida biyu.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan ne maganar take. Akwai maƙera a nan? Na ga Baba ya ɗaga hannu. Baba, in kana dukan jan ƙarfe ya yi tauri yana neman tsagewa, me kake yi? Ka mayar da shi wuta ya yi ja, ya huce, ya yi laushi, ka ci gaba. Haka ne ko? To tangistin ya saɓa wa wannan. Shi duka ne yake sa shi juriya, wuta mai yawa ita take mayar da shi mai saurin karyewa. Ku sake ji: duka ne yake gyara shi, wuta ce take ɓata shi.

Wani Ba'amurke, William Coolidge, ma'aikacin kamfanin General Electric, shi ya gano hanyar nan wajen 1910, yana neman zaren ƙwan fitila wanda ba zai riƙa karyewa ba. Ƙarfen kansa tun 1783 wasu 'yan uwa biyu a Sifen, 'yan gidan Elhuyar, suka fitar da shi, amma fiye da shekara 120 ba wanda ya iya ja masa waya mai lanƙwasuwa. Abin da Coolidge ya yi shi ne ya zafafa gasasshen sandan, ya cusa shi cikin wani inji mai gudumomi da suke kewaya shi suna dukansa ta kowane gefe. Ana farawa da zafi wajen digiri 1500, sandan yana sirancewa ana rage zafin, ana sake cusawa, ana sake cusawa. Ramukan nan su toshe. Ƙwayoyin ƙarfen da suke dunƙule su miƙe su zama dogayen zare a kwance a tsawon sandan, kamar zaren rake. Ka san rake, in ka lanƙwasa shi ba ya ɓallewa fat ɗaya, zaren yana riƙe da juna, amma ta tsawo yana tsagewa cikin sauƙi. Haka bugaggen tangistin yake. Shi ya sa nake faɗa da yaran shago da suke kama sandan walda da filaya su ɓalle kansa. Ka ɓalle, ka ga kamar ba komai, alhali tsaga ta bi tsawonsa ta shige ciki. Gobe wutar tana rawa, kana zagin injin, kana zagin mai janareta. (Dariya.) Da faifan giranda ake yanka shi, a hankali.

To in ka ɗauki wannan bugaggen sandan ka kai shi zafin wajen digiri 1300 zuwa sama ya jima, zaren nan sai ya warware, ƙwayoyin su koma dunƙulallu manya. Shi ke nan, juriyar ta tafi, kuma ba ta dawowa sai an sake duka. In ya huce, ƙwanƙwasa kaɗan ya ishe shi. Wanda ya taɓa ciro sandan tangistin daga tanderu bayan ya yi aiki ya san abin da nake faɗa: ya shiga da ƙarfinsa, ya fito ana lallaɓa shi. Saboda haka duk lanƙwasawa, duk huda, duk yankan da za ka yi, ka gama shi kafin sandan ya ga babbar wuta. Kuma ko bugaggen ma, a sanyi ba ya son lanƙwasa, sai ka ɗumama shi ya kai digiri 300 ko 400, in mai kauri ne ma fiye.

Akwai gashi na tsaka-tsaki, wajen digiri 1000, wanda kamfani yake yi don ya sauke gajiyar dukan ba tare da zaren ya warware ba. Wannan shi za ka nema in za ka ɗora sandan a injin sassaƙa. Ka rubuta wa mai sayarwa ƙarara: bugagge nake so, wanda aka sauke wa gajiya, ba wanda aka gasa har ƙwayarsa ta sake ba. In ba ka faɗa ba, abin da ke kan kanta zai ɗauko maka, ba kuwa laifinsa ba ne. Sannan ku lura, sanda mai kauri, irin milimita 40 ko 50, bai sha duka kamar siririn ba, don haka kada ka sa ran halinsu ɗaya ko da takardarsu ɗaya ce.

Ina muke? Na uku ko? A'a, na uku na riga na cinye shi a cikin na farko. Fata, fata muka tsallake.

Fata iri uku ce a kasuwa, wasu su ƙara ta huɗu. Akwai baƙi, yadda ya fito daga injin duka, da ƙonannen saman da ragowar girafait ɗin da aka shafa masa don santsi, irin baƙin da ke cikin fensir. Shi ya fi araha. In za ka sassaƙe samansa gaba ɗaya, sayi baƙi, ka ƙara kauri kaɗan a kan abin da kake buƙata, don me za ka biya kuɗin gugar da za ka zubar a ƙasa? Akwai wankakke, an cire baƙin da sinadari, ya fito toka-toka, amma kaurinsa da miƙewarsa suna nan yadda duka ya bar su. Wannan ya dace da cikin tanderun da aka zuƙe wa iska, inda datti ne abin gudu ba awo ba. Sai gogagge, wanda aka bi da shi tsakanin duwatsun wasa biyu masu juyawa har kaurinsa ya daidaita daga kai zuwa gindi. Sandan walda gogagge ne, dole, domin bakin tocin yana kama shi ne ta ko'ina, wuta ta bi, zafi ya fita. In saman yana da tudu da kwari, kamun ba ya cika, wurin ya riƙa zafi. Wani amfanin guga kuma, tsaga ba ta ɓuya. A baƙin sanda tsaga tana kwance ƙarƙashin baƙin, ba ka ganinta sai ka yi rabin aiki. Na huɗun mai sheƙi ne kamar madubi, yawancinku ba ku buƙatarsa, ku bar wa masu ɗakin gwaji.

Gauraye kuwa, da sauri, na ga shugaba yana duba agogo. Fentin gindin sandan walda kun san shi: kore tangistin tsantsa ne, na waldar alminiyam, toka an gauraya masa sinadarin siriyam, shuɗi da ruwan gwal lantanam, ja toriyam. Jan nan yana kama wuta da kyau, amma toriyam yana fitar da tururin nukiliya kaɗan, haɗarin yana cikin ƙurar da kake shaƙa lokacin feƙe shi. In da hali a koma shuɗi ko ruwan gwal. In ba hali, a rufe hanci, a feƙe a waje, kada a ci abinci a wurin. Kuma feƙewa ta tsawo ake yi, ba a kewaye ba.

Na'am, Alhaji, ga makirfo.

(Tambaya: Malam, mu da muke yin oda ta waya, kaya su iso bayan wata biyu, ta yaya za mu san abin da aka turo shi ne muka biya?)

Madalla, wannan ma ta fi abin da na shirya rufewa da shi. Alhaji, sikeli za ka nema, ƙaramin nan na masu gwal, da abin awon kauri. Tangistin nauyinsa kusan ɗaya da na zinariya, giram 19.3 a kowane ɗan dunƙule mai tsawo da faɗi da kauri santimita 1. Bari in sauƙaƙa. Sanda mai kaurin milimita 10, tsawon santimita 10, in bugaggen tangistin tsantsa ne zai ba ka kusan giram 151. Baƙin ƙarfe mai wannan girman giram 62 ne kawai, wannan ko a hannu ka ji. In ka ga ya sauko wajen 140, to ɗaya cikin biyu: ko gasasshe ne da bai sha duka ba, ko kuwa irin wanda aka gauraya da nikel da baƙin ƙarfe. Sai ka kawo maganaɗisu. Tsantsa ba ya kamawa, mai gaurayen nan yana ɗan ja. Shi ma ba kayan banza ba ne, ya fi daɗin sassaƙa nesa ba kusa ba, amma kada ka kai shi tanderu, nikel ɗin zai narke tun tangistin bai ji komai ba. In kuma ya ba ka wajen 115, kabaid aka turo maka, na bakin kayan yanka, wani abu ne daban.

Ban da sikeli, ka ce su haɗo da takardar gwajin kayan, wadda take nuna tsarkinsa, kashi 99.95 cikin 100 ake rubutawa ga tsantsa, da lambar rukunin da aka yi shi. Kuma odar farko kada ta wuce 'yan sanduna. Ka yanka ɗaya da faifai, ka ɗumama guntun, ka gwada irin aikin da za ka yi da shi, kafin ka tura kuɗin kwali guda.

Akwai wata tambayar a baya? An kira salla? To, mai tambayar ya same ni a waje bayan an idar. Wassalamu alaikum.