Darasin yau: yadda fata ke saɓa da kanta, da yadda nake shafa retinol

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Bari in ɗan gyara kyamarar nan... yawwa, kuna ganina ko? To yau zancen saɓar fata za mu yi, da retinol, man nan na dangin bitamin A da ake shafawa don fata ta riƙa sabuntawa, don kullum sai an turo min saƙo, Anti na shafa man nan sati guda ban ga komai ba. Sati guda fa! Haba ƙanwata, ai fatar ma ba ta gama zagaye ɗaya ba.

Wannan da kike taɓawa a sama, matattun ƙwayoyi ne, kar ki tsorata, haka kowa yake. Can ƙasan fatar waje akwai layin da ke haifar sababbi dare da rana, sabuwa ta fito ta turo ta gabanta sama, suna hawa suna cika da keratin, sinadarin nan dai na farce da gashi, suna bajewa har su zama fale-fale su mutu, su jeru kamar bulo da maiƙo a tsakaninsu yana riƙe ruwa. Daga nan sai su riƙa kaɗewa ba ki ma sani ba. Tafiyar nan wajen kwana 28 ce ga matashiya, in shekaru suka ja takan kai 40 ko fiye, shi ya sa tabon ƙurji yake daɗewa a fuskar babba fiye da ta yarinya. Kuma sauri ba shi ne lafiya ba, masu ciwon fatar nan soriyasis cikin 'yan kwanaki kaɗan ƙwayoyinsu ke haurowa, ba su nuna ba, sai su taru su yi ɓawo.

To na riga na wanke fuska, wannan kun iya. Abin da zan tsaya a kai shi ne bushewa, don nan na sha wuya. Ki goge da tawul a hankali, dannawa ba gurzawa ba, sannan ki jira. Ni minti 15 zuwa 20 nake ba ta. In fatar da danshi retinol ya fi shiga da sauri, washegari ki tashi da raɗaɗi. Ki taɓa gefen hanci da ƙarƙashin haɓa, nan ne ruwa ke maƙalewa, in kin ji sanyi-sanyi to ba ta bushe ba, ki ƙara jira.

Yanzu ɗigo ɗaya na retinol a kan ɗan yatsa... au, tsaya, na tsallake abu. Basilin tukuna, kaɗan a gefen ido, kusurwar hanci da bakin leɓe, don wuraren nan ba sa jurewa. Yawwa. Sai ɗigon nan, a ɗiɗɗiga goshi, kumatu biyu, haɓa, a baje. Fuska duka ke nan, ba a ƙari. Sai man da ke riƙe danshi a kai, mai gilisarin ko seramaid. Wasu suna sa man kafin retinol da bayansa, in fatarki mai saurin fushi ce yi hakan, ni ma da shi na fara.

Sau biyu a sati da farko, da daddare kawai. Mai ciki ko mai neman ciki ta ajiye shi gaba ɗaya, don Allah wannan ba wasa ba ne. Kuma daren retinol ba daren asid ba ne, wato mayukan nan masu saɓe matacciyar fata, ko gilaikolik ko salisilik, a raba musu kwana.

Ni nan da kuke gani akwai lokacin da kullum sai na dirje fuska da soso, in bi da asid, ina ganin tana sheƙi ina murna. Ashe katangar bulon nan da ke kare fata na rushe. Ruwa zalla ya taɓa ni sai zafi, kumatun nan biyu suka yi baƙi, na yi watanni kafin su washe. Fata mai duhu in ta ji ciwo melanin, sinadarin da ke ba fata launi, take ƙara zubawa a wurin, kina dirza don tabo ya fita kina ƙara masa. Haka mayukan hasken nan masu sitiroyid, sirantar da fata suke har jijiyoyi su fito, wallahi tausayi nake ji in na gani.

Da safe kuma sanskirin, man kare fata daga rana, mai lambar kariya SPF 30 zuwa sama, ko da hadari. Ni na fi son mai ruwa-ruwa, ba ya barin farin nan a fuska. Ki ɗauki hoto yau a gaban taga, ki sake ɗauka a wuri ɗaya bayan sati 8 zuwa 12. Bari in wanke hannu, bidiyo na gaba kan salisilik ne ga masu maiƙon fuska.